Gardamar wanda ya fara tashi da jirgi mai inji: mai da'awa shi ke kawo shaida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta daɗe tana yawo a tsakanin Hausawa mazauna Legas, a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook da majalisun bayan sallar isha'i, har ta kai ga wani mai karatu ya ɗauko ta ya kawo wannan shafi na wasiƙu a kwanakin baya. Gardamar ita ce ta wanda ya fara tashi sama da jirgi mai inji. Ɗan'uwan namu ya rubuta cewa Amurkawan nan biyu, Wilbur Wright da ƙanensa Orville, sun ci gumin wasu ne, kuma ƙarfin ƙasarsu ne ya sa aka binne sunayen waɗanda suka riga su. Ya jero sunaye da dama, tun daga Abbas bin Firnas na Andalus har zuwa Santos-Dumont na Burazil da Gustave Whitehead ɗan asalin Jamus. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Agege, unguwar da jiragen filin Murtala Muhammed na Ikeja ke ratsawa ta samanta dare da rana, kuma ɗalibaina sun kawo mini waccan wasiƙa suna tambaya ko abin da ke cikin littafinsu ƙarya ne. Amsar da na ba su ita ce nake so in shimfiɗa a nan.

Ba na ganin laifin wanda ya yi zargi. Mu da aka koya wa a makaranta cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, alhali kakanninmu sun shekara aru-aru suna su da fito a cikinsa, muna da dalilin yin taka-tsantsan da duk wani tarihi da masu ƙarfi suka rubuta. Sai dai zargi daban, hujja daban. Ƙa'idar da alƙalanmu suka gada ita ce mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna kowa a wannan magana, har da su Wright ɗin kansu, ba tare da duba tutar ƙasar da mutum ya fito ba.

Kafin a auna shaida, dole a san abin da ake jayayya a kansa, domin rabin rikicin daga nan yake tasowa. Mutane sun tashi sama da balan-balan a Faransa tun shekarar 1783, kuma a 1852 Henri Giffard ya ɗaura injin tururi a ƙarƙashin wata doguwar balan-balan ya tuƙa ta daga Paris. Babu mai musun waɗannan. Abin da masana tarihin sufurin sama ke nufi shi ne na'urar da ta fi iska nauyi, wadda ta ɗauki mutum, ta tashi da ƙarfin injinta, ta ci gaba da tafiya ba tare da gudunta ya ragu ba, matuƙinta yana sarrafa ta, sannan ta sauka a wurin da bai fi inda ta tashi gangara ba. Sharaɗin sarrafawa shi ne ƙashin bayan maganar. Wanda doki ya zabura da shi ya yi tsalle biyu ya kayar da shi, ba a cewa ya yi sukuwa, ko da kuwa ƙafafun dokin sun bar ƙasa.

Da wannan sai mu fara da Abbas bin Firnas, tun da sunansa ne ya fi taɓa zukatanmu. Malami ne na gaske, masanin taurari da sarrafa gilashi, wanda ya rayu a Ƙurɗuba a ƙarni na 9. Labarin tashinsa ya iso mana ne ta hannun al-Maƙƙari, marubucin tarihin Andalus da ya rasu a 1632, wato bayan kimanin shekara 700, wanda ya ce Ibn Firnas ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai, ya yi shawagi na ɗan nisa, sannan ya ji ciwo a baya wajen sauka saboda bai yi wa kansa jela ba. Ko mun karɓi riwayar baki ɗayanta, babu inji a cikinta, kuma babu wanda ya taɓa cewa akwai. Darajarsa ta wanda ya yi tunanin abin ya kuma gwada shi da jikinsa tana nan, har an sa wa wani rami a duniyar wata sunansa, an kuma sa wa wata gada a Ƙurɗuba. Cusa shi cikin gardamar jirgi mai inji ba ya ƙara masa komai, yana dai ba wa masu neman raina tarihin Musulmi abin kamawa.

A ƙarshen ƙarni na 19 an sami mutane da dama da injinansu suka ɗaga su daga ƙasa na ɗan lokaci. Alexander Mozhaisky a Rasha, wajen 1884, ya sako jirginsa mai injin tururi daga kan gangara. Hiram Maxim a Ingila, a 1894, ya ƙera wata ƙatuwar na'ura mai gudu a kan layin dogo, ta ɗaga har ta karya katakon da aka sa don ya tare ta. Wanda ya fi su hujja shi ne Bafaranshe Clément Ader, wanda a ranar 9 ga Oktoba 1890 jirginsa mai siffar jemage ya bar ƙasa da kimanin taƙi guda, ya yi tafiyar da ta kai mita 50. Daga baya Ader ya yi da'awar cewa a 1897 wani jirgin nasa ya yi mita 300 a gaban hafsoshin soja, amma da gwamnatin Faransa ta saki rahoton hafsoshin a 1910, sai aka ga sun rubuta cewa jirgin bai tashi ba, iska ce ta kauce da shi daga hanya ya lalace. Ka ga nan ƙasar mutum ce da kanta ta rushe da'awarsa, ba Amurka ba. Dukkan waɗannan ba su da hanyar da za su miƙe jirgi idan ya karkata a sama, kuma babu ɗayansu da ya sake tashi ya ɗora a kan abin da ya yi.

Su Wright masu gyara da ƙera kekuna ne a garin Dayton na jihar Ohio, kuma babu ɗayansu da ya yi jami'a. Mutuwar Bajamushe Otto Lilienthal a 1896, wanda jirginsa marar inji ya faɗo da shi bayan ya yi shawagi sau kusan 2,000, ita ta nuna musu cewa babbar matsala ba ta inji ba ce, ta riƙe daidaito ce a cikin iska. Mai keke ya san cewa abin hawa yana iya zama marar tsayuwa da kansa amma ya bi umarnin mahayi, kuma da wannan fahimta suka shiga aikin. Sun ƙirƙiro dabarar murɗa gefen fukafukai domin jirgi ya kwanta dama ko hagu, suka sa ƙaramin fiffike a gaba domin hawa da sauka, suka sa jela mai juyawa a baya. Sun gwada jirage marasa inji a 1900 da 1901 da 1902 a tuddan yashi na kusa da Kitty Hawk, a gaɓar tekun jihar North Carolina. Da suka ga alƙaluman da suka gada daga magabata ba sa ba su abin da suke tsammani, sai suka ƙera wani akwati mai fanka a shagonsu a 1901, suka gwada siffofin fukafukai kusan 200, suna rubuta sakamakon kowanne. Injin kuma makanikensu Charlie Taylor ne ya ƙera shi, mai ƙarfin doki kimanin 12, yana juya farfela biyu ta hanyar sarƙa irin ta keke.

A ranar 17 ga Disamba 1903 suka tashi sau huɗu daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Na farko Orville ne, ya yi sakan 12, ya ci mita 37. Na ƙarshe Wilbur ne, ya yi sakan 59, ya ci mita 260. Mutum biyar ne suka shaida, akasarinsu ma'aikatan ceton masu haɗari a teku, kuma ɗayansu, John Daniels, shi ya danna kyamarar da ta ɗauki hoton nan da duniya ta sani. Bayan tashi na huɗu iska ta kifar da jirgin a ƙasa ta lalata shi, bai sake tashi ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da ni ma zan ce akwai wurin jayayya, domin tashin sakan 12 bai fi na Ader da wani abin kirki ba, kuma masana da yawa na huɗun suke ɗauka a matsayin hujja. Abin da ya raba su da sauran shi ne abin da ya biyo baya. A 1904 suka koma wani fili da ake kira Huffman Prairie kusa da Dayton, a gefen layin jirgin ƙasa mai ɗaukar fasinja, inda a ranar 20 ga Satumba Wilbur ya zagaya fili ya dawo inda ya tashi. Wani dattijo mai kiwon zuma, Amos Root, ya gani da idonsa ya kuma buga labarin a mujallarsa ta masu kiwon zuma a Janairun 1905. A ranar 5 ga Oktoba 1905 Wilbur ya yi minti 39 a sama, ya ci kilomita kusan 39, bai sauka ba sai da mai ya ƙare. Akwai hotuna masu yawa na waɗannan shekaru, akwai littattafan da suke rubuta aikin kowace rana, akwai wasiƙun da suka yi ta musaya da injiniya Octave Chanute tun 1900, akwai kuma takardar neman haƙƙin mallakar fasaha da suka shigar a Maris 1903 aka ba su a Mayu 1906. Shaidu ne daga kafofi dabam-dabam, an rubuta su a lokacin da abin ke faruwa, kuma suna gaskata juna.

Duk da haka su Wright suna da nasu kason a cikin shakkun da ya biyo baya, kuma adalci ne a faɗa. Tsoron kada a sace musu fasaha ya sa suka daina tashi ɗungum daga ƙarshen 1905 har zuwa Mayun 1908, suna neman gwamnatoci su sa hannu a kan ciniki kafin su nuna jirgin. Hoton 1903 ma ba a buga shi ba sai a 1908. A wannan tsakani jaridun Turai suka yi ta kiran su maƙaryata, kuma wanda bai gani ba yana da uzurin yin shakka.

A cikin wannan giɓi ne Alberto Santos-Dumont ya fito, kuma a ganina shi ne ya fi kowa cancantar a tsaya a saurari masu goyon bayansa. Ɗan wani attajirin manomin kofi ne daga Burazil, mazaunin Paris, wanda ya riga ya yi suna tun 1901 lokacin da ya zagaya hasumiyar Eiffel da balan-balan mai inji ya ci kyautar faran 100,000, ya raba kuɗin tsakanin ma'aikatansa da talakawan birnin. A ranar 23 ga Oktoba 1906, a filin Bagatelle, a gaban taron jama'a da alƙalan ƙungiyar masu sha'awar tashi ta Faransa, jirginsa mai suna 14-bis ya gudu a kan ƙafafunsa ya tashi ya ci kimanin mita 60. A ranar 12 ga Nuwamba ya ci mita 220 cikin sakan 21 da rabi, kuma wannan ne tashi na farko da hukumar wasannin sama ta duniya, wadda aka kafa a 1905, ta rubuta a kundinta. Mutanen Burazil har gobe shi suke kira uban sufurin sama. Sun sa wa filin jirgin da ke tsakiyar Rio de Janeiro sunansa, suna bikin ranar matuƙa jirgi a kowace 23 ga Oktoba, kuma a bikin buɗe wasannin Olamfik na 2016 sun nuna wa duniya kwatankwacin 14-bis.

Hujjarsu ita ce jirgin Santos-Dumont ya tashi da kansa a kan taya, a bainar jama'a, alhali su Wright sun dogara da layin katako, da iska mai ƙarfi, da na'urar da ke cilla jirgi. Wannan magana tana buƙatar a warware ta a hankali. Na'urar cillawar, wadda wani nauyi ke faɗowa daga hasumiya ya ja igiya, ba su fara amfani da ita ba sai Satumbar 1904, saboda filin Dayton ƙarami ne kuma iskarsa ba ta da tabbas. A ranar 17 ga Disamba 1903 babu ita. Layin katakon mai tsawon kimanin mita 18 an shimfiɗa shi ne a kan ƙasa mai daidai, saboda taya ba ta gudu a cikin yashi, kuma ba ya tura jirgi ko kaɗan. Iskar da ke busowa daga gaba kuwa tana rage nisan gudun da jirgi ke buƙata kafin ya ɗaga, shi ya sa har yau matuƙan da ke tashi daga Ikeja suke son fuskantar iska, amma ba ta riƙe jirgi a sama idan injinsa da fukafukansa ba su isa ba, hasali ma tana rage nisan da zai ci a ƙasa. Sannan ko an jefar da duk abin da ya faru a 1903, tashin minti 39 na Oktoban 1905 ya riga na Bagatelle da shekara guda cur, kuma babu wata na'urar cillawa da za ta riƙe jirgi minti 39 a sama.

Turawan Faransa da kansu ne suka yanke wannan hukunci. Sai a Janairun 1908 Henri Farman ya iya zagaya kilomita ɗaya a Turai, aka yi ta murna. A ranar 8 ga Agusta na wannan shekara Wilbur ya tashi a filin sukuwa kusa da garin Le Mans, yana kwantar da jirgi yana juyawa yadda ya ga dama, abin da babu wani a Turai da ya iya a lokacin. Ernest Archdeacon, wanda ya daɗe yana cikin masu ƙaryata su, kuma wanda kofinsa ne Santos-Dumont ya ci a 1906, ya fito fili ya amsa cewa an zalunce su. Kafin shekarar ta ƙare Wilbur ya yi fiye da awa biyu a sama a tashi guda. Irin wannan ƙwarewa ba a samun ta a wata ɗaya, ita kanta shaida ce ta shekarun da suka ce sun yi suna tashi.

Wannan bai rage wa Santos-Dumont abin da yake nasa ba. Shi ne ya fara tashi a Turai a gaban alƙalai, da jirgin da ya ƙera bisa tunaninsa. A wajen hali kuwa ina ganin ya fi su Wright, domin ya bar zanen ƙaramin jirginsa Demoiselle kyauta ga duk mai son ƙerawa, alhali su sun shafe shekaru suna shari'a da wani maƙerin jirage Ba'amurke, Glenn Curtiss, da wasu a kan haƙƙin mallaka, shari'ar da ta taimaka wajen jan ƙafar masana'antar jiragen Amurka har zuwa yaƙin duniya na farko. Amma kyawun hali ba ya sauya kwanan wata.

Da'awar Gustave Whitehead ita ce ta fi yawo a intanet, saboda tana da ɗanɗanon maƙarƙashiya. Bajamushe ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka, kuma jaridar mako-mako ta garin Bridgeport a jihar Connecticut ta buga a ranar 18 ga Agusta 1901 cewa kwana huɗu kafin nan ya tashi da jirginsa mai lamba 21 ya ci rabin mil. Labarin ya fito da zanen hannu, babu hoto. Cikin mutum biyu da jaridar ta ambata a matsayin shaidu, ɗaya, James Dickie, ya ce daga baya bai halarci wurin ba kuma bai yarda an yi tashin ba. Sauran shaidun da ake kafa hujja da su takardun rantsuwa ne da aka tattara daga shekarun 1930, fiye da shekara 30 bayan abin, daga mutanen da wasunsu yara ne a 1901. Whitehead ya kuma ce a Janairun 1902 ya yi mil bakwai a saman teku. Tambayar da ba a taɓa amsa ta ba ita ce, mutumin da ya iya haka a 1902, me ya hana shi maimaitawa a gaban jama'a sau ɗaya tak, alhali ya rayu har 1927, ya ci gaba da ƙera injina da jirage marasa inji, ya kuma ga ana raba manyan kyaututtuka ga masu tashin da bai kai nasa ba? An ƙera kwatankwacin jirginsa a 1986 da 1997 sun ɗaga, amma da injinan zamani, don haka ba su tabbatar da abin da injinsa na 1901 zai iya ba.

A nan akwai darasin da ya shafi aikinku kai tsaye, ya Edita. Labarin jarida shi kaɗai ba ya zama hujja, ko a kan su Wright. Washegarin tashinsu wata jaridar jihar Virginia ta buga cewa sun ci mil uku a sama, abin da bai faru ba, kuma saƙon tangarahun da suka aika wa mahaifinsu ma an yi kuskure a cikinsa, aka rubuta sakan 57 maimakon 59. Jaridun Amurka na wancan zamani cike suke da labaran jiragen da ba a taɓa gani ba. Da hujjar su Wright ta tsaya a kan jarida kawai, da ta faɗi kamar ta Whitehead.

Gaskiya ne a 2013 editan wani sanannen kundin jiragen sama na shekara-shekara, Jane's, ya goyi bayan Whitehead, kuma majalisar jihar Connecticut ta yi doka a wannan shekara tana ba shi matsayin na farko. Amma kamfanin da ke buga kundin ya bayyana daga baya cewa ra'ayin editan ne shi kaɗai, kuma majalisar jiha tana da ikon yin doka a kan haraji da hanyoyi, ba ta da ikon sauya abin da ya faru ko bai faru ba a 1901, balle a kan mutumin da ya zauna a jiharta.

Babban makamin magoya bayan Whitehead shi ne yarjejeniyar 1948 tsakanin cibiyar kimiyya ta Amurka mai suna Smithsonian, wadda aka miƙa wa jirgin 1903, da magadan Orville, wadda ta ce idan cibiyar ta bayyana cewa wani jirgi ya riga na su Wright iya ɗaukar mutum, to magada suna da ikon karɓe jirginsu. Yarjejeniyar gaskiya ce, kuma ni ma ina ganin bai dace cibiyar ilimi ta ɗaure bakinta da irin wannan sharaɗi ba. Amma wanda ya san asalinta zai ga cewa tana nuna akasin abin da ake zargi. Shugaban Smithsonian, Samuel Langley, shi ne gwamnatin Amurka ta ba dala 50,000 ya ƙera jirgi, kuma jirginsa ya faɗa kogin Potomac sau biyu, a ranar 7 ga Oktoba da ranar 8 ga Disamba 1903, kwana tara kafin masu kekunan Dayton su yi nasara da kuɗin aljihunsu. A 1914 cibiyar ta miƙa wa Curtiss, abokin shari'ar su Wright, ragowar jirgin Langley, ya yi masa gyare-gyare masu yawa ya ɗan ɗaga da shi a kan tafki, sai cibiyar ta kafa shi a gidan tarihinta da rubutun cewa shi ne jirgi na farko da ke da ikon ɗaukar mutum. Ɓacin ran wannan ne ya sa Orville ya aika jirgin 1903 zuwa gidan tarihin kimiyya na Landan a 1928, kuma bai yarda a dawo da shi ba sai da Smithsonian ta janye maganarta a rubuce a 1942, ta lissafa sauye-sauyen da Curtiss ya yi. Wato babbar cibiyar kimiyya ta gwamnatin Amurka ta shafe kusan shekara 30 tana ƙoƙarin ƙwace wa su Wright matsayinsu ta ba wa nata mutumin. Sharaɗin 1948 an sa shi ne don kada a maimaita wannan. Bayan haka, yarjejeniyar ba ta ɗaure masana tarihi na Ingila da Faransa da Jamus ba, kuma mafi yawansu sun binciki da'awar Whitehead ba su gamsu ba.

Akwai kuma Richard Pearse, manomi a New Zealand, wanda wasu 'yan ƙasarsa ke cewa ya tashi a Maris 1903. Shi da kansa ya rubuta wa jaridu wasiƙu a 1915 da 1928 yana cewa sai a 1904 ya fara aikin gadan-gadan, bai kuma cimma tashi na sosai ba, ya bar wa su Wright fifikon. Ban ga dalilin da zai sa a yi wa mutum da'awar da shi ya ƙi yi wa kansa ba.

Abin da ya sa na damu da wannan magana har na ɗauki alƙalami shi ne yaran da nake koyarwa. A cikinsu akwai masu burin zuwa kwalejin koyon tuƙin jirgi da ke Zariya, akwai masu haɗa ƙananan jirage da kwali da injin tsohuwar fanka, kamar yadda muke ganin matasa a Kano da wasu garuruwa suna haɗa jirage da tarkacen mota da babur. Idan muka koya musu cewa su Wright sun yi nasara ne don ƙasarsu tana da ƙarfi, mun ɓoye musu abin da ya fi amfani a labarin, wato mutum biyu marasa digiri da marasa tallafin gwamnati sun riga wanda aka ba dala 50,000, saboda sun gano ainihin matsalar, sun auna, sun rubuta abin da suka auna, sun gyara, sun sake gwadawa har shekara huɗu. Wannan hanya a buɗe take ga yaron Agege kamar yadda take ga na Dayton. Shekara 22 kacal ke tsakanin Kitty Hawk da saukar jiragen sojan Ingila uku a Kano a Nuwamban 1925 bayan sun taso daga Masar, kuma har yau, bayan shekara ɗari, jiragen da muke hawa zuwa aikin Hajji wasu ne ke ƙera mana su.

Saboda haka ina roƙon wannan jarida abu biyu. Idan aka aiko muku da da'awar tarihi irin wannan, ku nemi mai aikowa ya faɗi wanda ya gani, da lokacin da aka rubuta, da ko an maimaita abin a gaban wasu, kafin ku ba ta fili. Sannan ina ba da shawarar ku ware wani shafi ku kawo tarihin Ibn Firnas da Lilienthal da Ader da Santos-Dumont ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya tabbata ya yi, da Hausar da ɗan sakandare zai fahimta, domin littattafan kimiyya da harshenmu sun yi ƙaranci ƙwarai. Idan ɗan'uwan da ya rubuta waccan wasiƙa yana da wata shaida da aka rubuta kafin 17 ga Disamba 1903 wadda ban ambata ba, ina roƙonsa ya kawo ta wannan shafi mu duba ta tare.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin kimiyya,
Agege, Legas.